Tsohon rediyo mai bawul yana ƙugi, EL84 ya yi ja: in sayi sabbin bawul ne?

Nasiru:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin in ƙarasa abin da ya rage. Akwai wani rediyon Jamus a hannuna, na ƙarshen shekarun 1950, mai akwatin katako da maɓallai a jere kamar haƙora: LW (dogon zango), MW (matsakaicin zango), KW (gajeren zango), UKW (wato FM) da TA (na jona sauti daga waje). Takardar bayansa ta nuna bawul shida, wato kwalaben gilashin nan da tsofaffin rediyo ke aiki da su: ECC85, ECH81, EF89, EABC80, EL84 da EM84. Babu bawul na rektifaya, mai mayar da AC zuwa DC, sai wani ɗan falle na ƙarfe da aka ɗaure a jikin shasi, an rubuta B250C75 a kansa. Ya daɗe a ajiye.

Na jona shi da wuta. Fitilar fuska ta kama, bayan kamar daƙiƙa 20 sai ƙugi ya taso daga lasifika, kuma ko na rage murya ko na ƙara, ƙugin yana nan yadda yake. A MW ana jin 'yar magana can ƙasa-ƙasa, UKW kuwa shiru. Bayan minti biyar na leƙa ta baya, sai na ga farantin cikin EL84 ya fara yin ja ta gefe ɗaya, ƙaramar taransifomar da ke kusa da shi ta ɗau zafi, ga warin kaki. Nan na kashe.

Kwamfuta na saba taɓawa, madabod da fawa saflai. Ina da mita ta dijital, da mitar ESR mai auna turjiyar cikin kafasita, da ayan ɗin dalma mai watt 30. Na duba kafasitocin, babu wadda ta kumbura. Ƙananan na auna su a ohm, mita ta nuna a buɗe suke, ba su haɗe ba. Shi ya sa nake zargin bawul. In sayi shidan gaba ɗaya ne, ko EL84 kaɗai? Sannan idan ya tashi, zan iya jona waya ko kwamfuta a soket ɗin TA na baya?

Malam Iliya:

Wa alaikumus salam Malam Nasiru. Kada ka sake jona shi da wuta kai tsaye, kuma ka mayar da kuɗin bawul ɗin nan aljihu tukuna. A irin wannan rediyo bawul ake yawan shafa wa kashin kaji, alhali sau da yawa shi ne mai lafiya a cikin akwatin. Gilashi ne da ƙarfe a wurin da babu iska, aiki ke cinye shi, zama ba ya yi masa komai. Kafasita ce zama ke kashewa.

Cuta biyu ka lissafa, kuma kowace da mai ita. Ƙugin da bai san da maɓallin murya ba, daga babbar kafasitar tace wuta yake, waccan gwangwanin alminiyam da ke tsaye kusa da babbar taransifoma. Wannan mai sauƙi ne. Jan da EL84 ya yi shi ne mai haɗari, don haka bari in tsaya a kansa.

Sauti yana fitowa daga ƙafa ta 9 ta EABC80, inda akwai DC kamar volt 70 zuwa 100, ya nufi ƙafa ta 2 ta EL84, wato girid, inda dole DC ya zama sifili. Abin da ya raba su kafasita ce guda ta takarda, yawanci 10nF zuwa 22nF. Aikinta ta bar sauti ya wuce, ta tare DC. Shekara sittin da ɗoriya takardar tana shan laima, sai ta fara yoyo. Ga lissafin: a ce yoyon ya kai kamar resista ta megaohm 50, resistar da ke sauke girid zuwa shasi kuma megaohm 1 ce. Volt 100 ya rabu tsakaninsu, girid ya samu kusan volt 2 na fositif. Ga mai gyaran kwamfuta volt 2 ba abin tayar da hankali ba ne, amma a EL84 yana ƙara wajen milliamp 8 a kan abin da yake ja, ko da resistar katod tana ƙoƙarin danne shi. Bawul ɗin nan iyakarsa watt 12 a anod, kuma dama a bakin iyakar aka ajiye shi, kusan milliamp 48 a volt 250. Yana ƙara zafi, kafasitar tana ƙara yoyo, girid yana ƙara hawa. Duk wutar nan kuma ta cikin siririyar wayar taransifomar lasifika take bi. Ita ce ka ji ta yi zafi, ita ce kuma mai wuyar samu idan ta ƙone.

Abin da ya sa mitarka ba ta gani ba: da 'yan volt kaɗan take auna ohm, kuma yawancinsu a megaohm 20 ko 40 suke tsayawa. Yoyon takarda sai an ɗora mata volt ɗari ko fiye, ta kuma ɗumama, sannan yake fitowa. Mitar ESR kuwa wata cuta take nema daban, wadda ke damun kafasitocin madabod. Kafasitar takarda za ta ba ka ESR mai kyau tana kan ƙona maka taransifoma.

Idan kana so ka gani da idonka, bayan ka canja babbar kafasita, ka cire ƙafar ƙaramar ta ɓangaren girid, ka maƙala jan wayar mita a ƙafar da ke lilo, baƙar a shasi, mita a DC, ka kunna ta hanyar ƙwan gwaji, wato ƙwan fitila da ake sa wa a jere da rediyo. Lafiyayya za ta ɗan harba ta dawo sifili. Duk abin da ya tsaya sama da haka yoyo ne. Ni dai ba na ganin amfanin gwajin sai don koyo, a canja ta kawai. Ka sa ta fim, folifurofilin ko foliyesta, ƙima ɗaya, mai volt 630.

Ƙirgar ƙafa daga ƙasan shasi ake yi: ka fara daga giɓin, ka bi yadda hannun agogo ke tafiya. A EL84, 2 girid, 3 katod, 4 da 5 hita, 7 anod, 9 girid na biyu.

Injiniya Rabi:

Malam Iliya ya gama magana a kan cutar. Ni a kan hannunka zan yi magana, Malam Nasiru, tunda ka ce a madabod ka saba, inda volt 12 ne babba. Ka ɗauki duk ƙasan shasin nan kamar ɓangaren shigar wuta na fawa saflai, inda babbar kafasita ke riƙe volt 320 ko fiye. Bambancin shi ne a nan babu wani ɓangare da ya tsira, har soket ɗin bawul da bayan maɓallai.

Kafin komai, rediyo a cire daga bango, maɓallinsa a kunne, ka auna ohm tsakanin kowace ƙafar fulogi da shasi. Dole ya nuna a buɗe. Jerin bawul masu farawa da E yawanci suna da cikakkiyar taransifoma, amma akwai waɗanda aka yi musu taransifoma mai naɗi ɗaya don a rage tsada, shasinsu yana haɗe da wutar bango. Masu farawa da U, irin su UCH81, UL84 da UY85, da rediyon Amurka masu 35W4 da 50C5, waɗannan babu taransifomar wuta a cikinsu ma. Ba a aiki a kansu sai da taransifomar keɓewa, kuma na'urar nan mai juyawa da ake ƙara volt da ragewa ba ta keɓe komai.

Sauke caji: resista 47k mai watt 5, da kilif mai bakin kada a kowane gefe, an rufe ta da roba. Ɗaya a shasi, ɗaya a fositif na kafasita, ka ƙirga daƙiƙa 15, ka koma sashe na biyu na gwangwanin, sannan mita ta tabbatar maka. Kada ka haɗa ta da sukudireba. Idan za ka yi awo wuta na kunne, ka maƙala kilif tun yana kashe, ka janye hannu, sannan ka kunna. Idan dole sai ka taɓa da tsinken mita, hannu ɗaya, ɗayan a aljihu. Mitar ma ka duba an rubuta volt 600 ko fiye a jikinta da a wayoyinta.

Ƙwan gwaji: ƙwan fitila mai zare irin na da, a jere da rediyo a kan wayar wuta, ta yadda duk abin da rediyo zai sha sai ya bi ta cikin ƙwan. LED ko mai rage cin wuta ba sa wannan aikin. Irin rediyonka yana cin watt 50 zuwa 60, don haka ka tanadi ƙwai mai watt 60 da mai 100. Farko ka zare bawul duka, ka cire wayoyin AC biyu da ke shiga B250C75, ka rufe bakinsu, ka kunna da mai 60. Ƙwan ya kamata ya kasance kusan a mace. Ka auna hita, wajen volt 6.3 zuwa 6.8 AC tunda babu kaya, babban naɗin kuma wajen 220 zuwa 250. Idan ƙwan ya haska a wannan matakin, ko taransifoma ce ta haɗe a ciki, ko ƙaramar kafasitar da ake ɗorawa a naɗinta. Idan ya wuce, bayan ka canja kafasitoci ka mayar da komai ka kunna da mai 100. Zai ɗan walƙa, ya dushe, ya ƙaru kaɗan idan bawul sun ɗumama. Idan ya tsaya da haske sosai, kashe.

Kuma ka duba faifan zaɓen volt da ke baya. Idan a 220 yake ka mayar da shi 240, domin wutar bango a takarda 230 ce yanzu. Fis ɗin ma ka zare ka karanta, ya yi daidai da abin da aka rubuta a murfin baya, a kankare tsatsar mariƙinsa.

Habu:

Ni a ganina ba sai an canja gwangwanin ba. Ana farfaɗo da ita: a ba ta DC ta hanyar resista 10k ko 22k, a bar ta awanni, a riƙa auna volt a kan resistar har yoyon ya sauka ƙasa da milliamp ɗaya ko biyu. Rediyon ya zauna da kayansa na asali.

Baba Tanko:

Habu, maganarka gaskiya ce ga wadda ta yi barci, ba ga wadda ta bushe ba. Farfaɗowa fatar oksaid take gyarawa, ba ta mayar da ruwan da ya tafi. Tasa tana ƙugin da ya danne magana, wato ƙimar ta zube. Wannan an yi ba a yi ba ne.

Nasiru ɗana, ga yadda za ka yi. Gwangwanin yawanci 50+50µF ce mai volt 350. Ka sayi 47µF biyu masu volt 450. Dalilin 450 shi ne rektifayarka tana ba da wuta nan take, bawul kuma sai sun yi daƙiƙa 15 ko 20 kafin su fara ja, a wannan tsakanin volt yana haurawa 320 ko fiye. Ka cire wayoyi daga ƙafafun fositif na tsohuwar gaba ɗaya, ka bar ta a tsaye a sama don ado, sababbin a ƙasa a kan ɗan layin ƙafafun dalma. Kada ka ɗora sabuwa a kan tsohuwa, ƙugi zai tafi amma yoyon yana nan, kuma ranar da tsohuwar ta haɗe a ciki, za ta tafi da babbar taransifoma. Ka duba ko jikin gwangwanin a shasi yake kai tsaye ko an sa masa zoben keɓewa. Idan akwai zobe, negatif ɗin sababbin inda tsohuwar waya take zai je, ba shasi ba. Kada kuma ka ce bari in sa 220µF don ƙugi ya mutu murus, irin abin da ake yi a fawa saflai. Kana ƙara wa rektifaya da taransifoma nauyi ne a banza. Masu bawul ɗin rektifaya EZ80 ma takardarsa ta ce kada ta farko ta wuce 50µF.

Bayan gwangwani da wadda Malam Iliya ya faɗa, akwai guda uku da ba a jira:

Ta katod ɗin EL84, ƙafa ta 3, mai 50µF ko 100µF, tana gefe da gefe da resista mai ohm 135 zuwa 180. Ka sa 47µF ko 100µF mai volt 25, fositif a katod. Ka auna resistar ma, domin ta sha zafi a kunnawar da ka yi.

Ta anod ɗin EL84, wadda ke kan firamaren taransifomar lasifika, wato naɗin da ke ɓangaren bawul, ko daga anod zuwa shasi, 1nF zuwa 4.7nF. Wannan tana ganin DC da tsallen sauti a haɗe, volt 630 bai ishe ta ba, ka nemi mai 1000 ko 1600. Idan daga anod zuwa shasi take kuma ta haɗe, firamare ya tafi cikin daƙiƙu.

Ta wutar bango, idan akwai. Tsakanin wayoyi biyu sai mai tambarin X2, daga waya zuwa shasi sai Y2. Ba a sa ta fim ta gama-gari a nan ko volt nawa aka rubuta mata.

Sauran na takarda, masu kaki a jiki, da masu kwalta a baki, da masu ruwan ƙasa da suka tsattsage, duk za su tafi, amma ɗaya bayan ɗaya. Ka ɗau hoto, ka canja biyu ko uku, ka kunna ka saurara, sannan ka ci gaba. Wanda ya kwashe ashirin a zama ɗaya rediyo ya yi shiru, bai san a wace ya yi kuskure ba. Ƙima: 0.05 ka sa 47nF, 0.025 ka sa 22nF, 5000pF ka sa 4.7nF. MF a tsohon rubutu mikrofarad ne. Baƙin zoben da ke gefe ɗaya na kafasitar takarda ba negatif ba ne, alamar fallen waje ce.

Waɗanda za ka bar kaza cikin gashinta: na maika, da na seramik masu kamar ɗan bututu, da masu jiki garau kamar gilashi ana hango azurfa a ciki. Na ƙarshen nan ko zafin ayan ba sa so. Su ke riƙe da saitin tashoshi, ba sa yawan lalacewa, kuma idan ka canja su sai an sake saiti. Haka sukurorin da ke cikin gwangwanayen IF, ƙananan nan masu tace siginar tasha. Ba su kwance ba, kada ka ɗaure su. Saiti ne na kilohaz 460 ko kusa da haka a AM, da megahaz 10.7 a FM, ga shi ferait ne, yana fashewa a cikin ramin.

Ayan ɗinka mai watt 30 zai yi ƙafafun soket da ƙyar, amma ba zai narkar da dalmar da ke jikin shasi ba. Ka nemi mai 60, da dalma 60/40 mai gubar nan ta da, ita ke haɗuwa da tsohuwar ba gardama. Resista kuma idan za ka canja a layin babban volt, ka sa mai watt 1 ko 2. Ba don zafi kaɗai ba, ƙananan nan na kwata ɗin watt volt 250 ne iyakarsu.

Shu'aibu:

Ba a taɓo B250C75 ba. Seleniyam ce, gada mai dayod huɗu, rubutun yana nufin volt 250 da milliamp 75. Tana tsufa tana ƙara turjiya, volt yana sauka, ita kuma tana zafi. Ranar da ta ƙone hayaƙinta mai guba ne, warin kuma ba ya barin ɗaki da wuri. Kuma ta ja fiye da ƙarfinta lokacin da EL84 ya yi ja. Shawarata a cire ta daga layi, a haɗa gada da 1N4007 huɗu, kowace volt 1000 amp 1. Silikon ba ya zubar da volt kamar seleniyam, saboda haka sai an sa resista tsakanin fositif na gadar da kafasita ta farko. Ka fara da ohm 220 mai watt 5, ka auna, ka sauka zuwa 150 ko 100 har volt ya yi daidai da taswira, wato zanen haɗin wayoyin rediyon. A nisanta ta da kafasitoci, tana zafi. Kada a yi amfani da ƙafafun tsohuwar a matsayin wurin ɗaure sababbin.

Malam Iliya:

Shu'aibu, ban ƙi ba, amma ba yanzu ba. A gyara kafasitoci, a auna, sannan a yanke mata hukunci. Idan volt na kafasitar farko bai gaza na taswira da fiye da kashi 10 cikin 100 ba, kuma bayan rabin awa an kashe an taɓa jikinta ɗumi ne kawai, za ta iya zama. Abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Malam Nasiru, kafin ka kashe ko sisi, auna firamaren taransifomar lasifika, rediyo a kashe, caji a sauke. Ohm ɗari uku zuwa shida ake sa rai. Idan ka ga wayoyi uku kada ka ruɗe, Jamusawa suna yawan fitar da reshe a naɗin don soke ƙugi. Ka ɗan taɓa batir mai volt 1.5 a kan firamaren, lasifika za ta yi ƙas. Kuma kada ka taɓa kunna shi lasifika a cire.

Nasiru:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Ga abin da na samu. Shasi ba ya haɗe da fulogi. Faifan a 220 yake, na mayar 240. Firamare ohm 410, kuma ya yi ƙas. Taransifoma ita kaɗai ba ta haska ƙwai ba. Na sa 47µF biyu, na yi gwajin Malam Iliya: ƙafar da ke lilo ta fara da sama da volt 100, ta sauko ta tsaya a 38. Wadda mita ta ce min lafiya lau take! Na canja ta, da ta katod, da ta anod.

Yanzu ƙugi ya tafi, EL84 ba ya ja, MW da KW suna magana. Na cire ƙwai na auna: kafasitar farko volt 232, taswira ta ce 265. Girid na EL84 0.02. Katod 6.1 a kan ohm 150. Hita 6.1. Anod ɗin EABC80 kuwa 92 na samu, taswira ta ce 70, wannan ya dame ni. UKW yanzu akwai shuuu da tasha ɗaya a shaƙe, EM84 kuma, bawul mai koren haske da ke nuna kama tasha, haskensa kaɗan ne. KW da MW akwai wani zzz a ko'ina.

Injiniya Rabi:

Madalla. Katod ɗinka lafiya: 6.1 a raba da 150 ya ba da kusan milliamp 41, anod da girid na biyu a haɗe. EL84 ya tsira. Amma ka bar kilif a ƙafa ta 2 rediyo na aiki minti 20 ko 30. Idan volt ya fara hawa a hankali ga sabuwar kafasita, to bawul ɗin ne ya ji jiki a zafin da ya sha, sai a canja shi shi kaɗai.

Volt 92 kada ya dame ka. Masu taswirar da mita mai allura suka auna, wadda ke jan wuta daga inda take aunawa, kuma resistar anod ɗin nan babba ce, wajen 200k. Mitarka megaohm 10 ce, kusan ba ta jan komai, dole ta nuna sama. Ka duba gefen taswirar, yawanci suna rubuta ohm nawa a kowane volt mitarsu take. Resistar dai ka auna ta, idan tana cikin kashi 20 cikin 100 ka bar ta.

Maganar 232: hitarka 6.1 ta nuna faifan 240 ya rage komai da wajen kashi 3 ko 4, don haka abin da ya kamata ka gani wajen 255 ne. Saura volt ashirin da wani abu seleniyam ce ta cinye. Idan aka gwada da 255 ɗin, tana bakin iyakar da Malam Iliya ya gindaya, ga ta sha wahala. A nan ina bayan Shu'aibu. Kuma ƙarancin volt ECC85, bawul ɗin UKW, yake fara kayarwa.

Baba Tanko:

UKW, bi da wannan jerin kada ka tsallake. Eriya tukuna: akwai soket mai rami biyu a baya, ka tabbata 'yar wayar eriyar cikin akwati tana ciki, ko ka sa waya guda biyu kowace santimita 75. Sai maɓallai. Ka fesa maganin wanke kontak kaɗan a kan zamiyar, ka danna kowane sau talatin, ka wanke da isofurofil, ka bar shi ya kwana ya bushe. Kada ka kunna a jiƙe. Babban volt yana bi ta waɗannan kontak, idan ya yi tartsatsi a kan farantin takardar zai bar layin gawayi, kuma wannan gyaransa azaba ne. Ƙafafun bawul ma a goge su, a zare a mayar sau uku, a riƙe tsaye kada a lanƙwasa. Kada ka goge gilashin bawul da tsumma mai laima, rubutun zai bi shi. Bayan gilashin fuska ma haka, ruwa yana ɗauke sunayen tashoshi.

Shaƙewar murya a UKW kaɗai, ka nemi wata ƙaramar kafasita mai fositif da negatif kusa da EABC80, 2µF zuwa 5µF. Idan ta bushe FM yana shaƙewa, AM bai san ana yi ba. Ka sa 4.7µF mai volt 100. Ka lura sosai kafin ka cire: a rediyo da yawa fositif ɗinta ne ke zuwa shasi, saɓanin abin da hannunka ya saba.

Idan an yi duk wannan, volt ya dawo, UKW bai ƙarfafa ba, to a nan ne za ka sayi bawul, ECC85 guda ɗaya. Shi ne ya fi saurin gajiya a wannan jerin, domin duk lokacin da ake sauraron MW ko KW hitarsa tana ci amma an yanke masa wutar anod, kuma zama da zafi ba aiki yana lalata katod. Akwatin ƙarfen da yake zaune a kai kada ka buɗe, kada ka gusar da ko waya ɗaya a ciki. Ka kuma sani yawancin rediyon Jamus na shekarun 1950 a megahaz 100 suke tsayawa, tashar da ke sama da haka ba za ka same ta ba ko rediyon sabo ne. EM84 dushewa yake da aiki, koren sinadarin ne ya ƙare, kuma ba ya hana rediyo magana. Duk bawul ɗin da ka ga azurfar kansa ta koma fara kamar alli, iska ta shiga, wannan ya mutu.

Shu'aibu:

Zzz ɗin ba daga rediyon ba ne. Fawa saflai na kwamfutarka, cajar waya da fitilun LED duk suna watsa hayaniya a MW da KW. Ka kashe su ɗaya bayan ɗaya za ka gane mai laifin. Eriyar ferait ta ciki ma tana da gefe, juya rediyon ko maɓallinta yana rage shi.

TA kuma, tunda shasinka bai haɗe da bango ba, za ka iya, amma bayan ka canja kafasitocin wutar bango da wadda ke kan layin TA ɗin kansa. Sauti ɗaya yake karɓa, saboda haka kada ka murɗe hagu da dama wuri guda. Kowanne ka bi da shi ta resista 1k, su haɗu, sannan kafasita 100nF mai volt 630 zuwa ramin sauti. Kwamfutar tebur tana da nata at, wato wayar da ke sauka ƙasa, haɗa ta kai tsaye yana iya dawo maka da ƙugi, don haka ka sa ƙaramar taransifomar sauti mai 1:1 a tsakani. Farkon gwaji ka yi shi da tsohuwar wayar da ba a caji, murya a ƙasa.